Rijiya Casa'in da Shida

Ƙarfe biyun dare a Gombe.
Masu shayin bakin asibiti sun kife kofuna,
saura ni da inji.
Yana ɗumama, yana hucewa, yana ɗumama,
zagaye arba'in, kamar tsoho da carbinsa.

A jikin kwalbar lamba ce: ɗari biyu da sha bakwai.
Doka ta ce lamba kaɗai zan sani.
Amma na san ta. Adda Yelwa ce, mai ɗinki a Bajoga,
wadda ta goyi ƙullutun nan a ƙirji damina biyu
tana ce masa maruru.

Tsokar da aka yanko ba ta fi ƙwayar dawa ba,
amma akwai littafi a cikinta,
haruffa huɗu kacal, shafi ba iyaka.
Kowace ƙwayar jiki marubuciya ce,
ta kwafa, ta miƙa wa 'yarta.
Wata rana hannun ɗaya ya goce,
ɗigo ya bar ƙasa ya haye sama,
ba-guje ya rikiɗe nun-guda,
babu kuwa malamin da ya ce a wanke.
Kuskure ya haihu, ya ga jikoki.
Ɗigon nan nake farauta,
don likita ya san allurar da zai nema,
da wadda ba za a sayar da keken ɗinki dominta a banza ba.

Wanta ya zo ran Laraba, Bappa Giɗaɗo.
Ya kwance ƙunshi a takardar buhun siminti:
ɓawon marke, saiwar gwandar daji,
da wani ganye da ya ƙi faɗin sunansa.
Ya ce, "Shekara talatin ina ba da shi.
Wasu sun tashi, wasu ƙasa ta rufe.
Ban taɓa ƙirgawa ba, yarinya.
Ke kin iya ƙirga."

Na shanya a inuwa, na daka, na jiƙa, na tace,
har ya koma ɗan danƙo baƙi a gindin kwalba,
ɗacinsa na shiga hanci tun kafin harshe.
Na ɗiga shi a faranti mai rijiya casa'in da shida,
kowace rijiya da ƙwayoyin dajin da muke kiwo,
wannan layi kaɗan, wancan da yawa,
na ƙarshe ruwa zalla, shi ne shaida.

Kwana uku na zuba rini.
Mai rai takan yi shuni, matacciya ta tsaya fara.
Layi biyar fari fat!
Har na ɗauki waya zan kira Bajoga,
sai na jawo faranti na biyu,
na lafiyayyu, waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba.
Su ma fari.
Gobara ba ta tambayar ciyawa sunanta.
A faranti, ko ruwan batir gwani ne;
abin nema makamin da ya san ɓarawo da mai gida.

Sai dai rijiya ta hamsin da uku.
Can inda na tsinka jiƙon ƙwarai,
dajin ya dushe,
takwararta a ɗaya farantin ta riƙe shuninta.
Gaskiya ce, ko hannuna ne ya yi rawa?
Rijiya ɗaya ba ta shayar da gari.
Sai an sake. Sai an sake, an kuma sakewa,
rinin kuwa ya ƙare, na Legas bai taso ba.

Inji ya yi kira. Arba'in ta cika.
Wani siririn layi ya miƙe a allo, ya hau tudu.
Ga ɗigon.
Akwai allurar da ta san shi. Da tsada, amma akwai.

Gobe Bappa zai tsaya gindin dalbejiya,
hula a hannu.
Zan ce, "Ƙanwarka ta fara allura ran Litinin,
kada ka haɗa mata da jiƙo tukuna."
Zai yi shiru, sannan ya ce, "Nawa fa?"
Zan ce, "Ban sani ba, Bappa. Ban gama ƙirga ba.
Kawo wani ƙunshin.
Wannan karon ka faɗa mini sunan ganyen."